Hunturu ya kankama, yara sun cika ɗaki: a kulle su ko a bar su su fita?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da wannan tambaya daga Kano, na taƙaita ta kamar haka: "'Ya'yana uku, babbar shekararta 11, mai bi mata namiji 9, autan 6, duk suna firamare. Tun da sanyi ya shigo gidan ya rikice. Da safe sai an sha kuka kafin a yi wanka, mura ba ta barinsu, babansu ya hana su wasa a waje saboda ƙura, ga hutu ya taho ba abin da suke yi sai faɗa da kallon waya. Surukata kuma ta ce in riƙa shigar musu da gawayi ɗaki da daddare. Yaya zan yi da su a watannin nan?"

Ƙanwata, Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Na daɗe ina aikin jinya a sashen yara, daga baya na koma ɗakin shan magani na wata makarantar firamare, kuma nawa 'ya'yan a garin nan na raine su. A duk tsawon lokacin nan, da wuya in tuna yaro mai cikakkiyar lafiya da sanyin Kano shi kaɗai ya kwantar. Waɗanda ake kawo mana a Disamba da Janairu, yawancinsu abin da aka yi don gudun sanyin ne ya kawo su: wuta, ruwan zafi, hayaƙi a rufaffen ɗaki, cunkoso, da ƙin wanka. Shi ya sa ba na goyon bayan a kulle yara. Abin da nake so ki yi shi ne ki daina tsara musu yini da agogon da kika saba da shi a damina, ki koma bin rana.

Zan fara da maganar Hajiya surukarki, domin ita ce ta rai da mutuwa. Kada ki shigar da gawayi ɗakin da mutum zai kwana, ko da na minti talatin ne, ko da an bar shi a waje ya yi ja hayaƙin ya ƙare. Mutane da yawa suna zaton hayaƙin da ake gani shi ne cutar, in ya wuce shi ke nan. Ba haka ba ne. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta kama wurin da iskar numfashi ke zama, kuma riƙon da take yi wa jinin ya ninka na iskar numfashi sau ɗari biyu ko fiye. Mai barci ba ya farkawa ya ce yana jin wani abu, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Ba zan manta da wata asubar Janairu ba, da aka shigo mana da uwa da 'ya'yanta uku a ɗauke. Manyan biyun suna amai suna riƙe da kai, ƙaramar jikinta ya saki, ana kiran sunanta ba ta amsawa. Danginsu na cewa wani abu suka ci, wata tsohuwa na cewa iska ce ta buge su. Da na tambayi yadda suka kwana, sai aka ce da kurfoti a tsakar ɗaki, an kuma toshe taga da tsumma don kada sanyi ya shigo. Maƙwabciyarsu da ta zo ɗiban wuta ce Allah ya sa ta buga ƙofa ta ji shiru. Sun rayu, amma na san gidajen da ba a yi wannan dacen ba. Duk ranar da mutanen ɗaki ɗaya suka tashi tare da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a fito da su sarari nan take, a buɗe ko'ina, a nufi asibiti. Janareta da ake ajiyewa a soro ko bakin taga ita ma wannan gubar take fitarwa.

Hajiya ba da mugun nufi ta faɗa ba, tausayin jikokinta ne, kuma ɗakunan da ta tashi a ciki, na bunu da na azara, suna shan iska fiye da namu na siminti da gilashi. Kada ki yi musu da ita. Ki zauna da maigidan ki yi masa bayanin nan, shi ya san yadda zai gaya wa mahaifiyarsa. Sannan ki nuna mata kin ɗauki damuwarta da muhimmanci: katifa ko tabarma mai kauri kada yaro ya kwanta a kan siminti, bargo, safa, hular sanyi, labule mai nauyi a ƙofa. In ɗakin ya cika sanyi, a zuba ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a gora mai murfi mai kyau, a naɗe da zani a sa wajen ƙafafu. A bar 'yar kafa a saman taga ko da yaushe.

Jin ɗumi kuwa ba na hana shi, a tsakar gida, a sarari, kuma da babba zaune a wurin. Abin da ke ƙona yara shi ne doguwar riga da hijabi da suwaitar nailan, waɗanda in suka kama wuta suke narkewa su manne da fata. Sai kuma bokitin ruwan zafi da aka ajiye a banɗaki aka juya ɗauko na sirki. Ki fara zuba ruwan sanyi, ki biyo da na zafi, ki gwada da gwiwar hannu. Hita irin wadda ake tsomawa a bokiti kada yaro ya taɓa ta, ko babbar taki. In tsautsayi ya faɗa aka ƙone, a zuba ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a wurin har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsaftataccen ƙyalle. Ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri ko baƙin mai. Mun sha wahalar kankare waɗannan abubuwa daga jikin yaro yana ihu. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ta asibiti ce.

Yanzu mu zo kan kukan safe. Sanyinmu na asuba ne. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi a Kano yakan sauka zuwa digiri 13 ko 14 kafin fitowar rana, wasu ranakun ƙasa da haka, amma kafin azahar ya haura kusan 30. Ranar ma ba ta leƙowa sai wajen bakwai saura. Wato lokacin da muke tuɓe yaro mu watsa masa ruwa shi ne mafi sanyi a duk awa 24. Wa ya ce dole sai a lokacin? Ki mayar da cikakken wanka bayan sun dawo daga makaranta, ko bayan la'asar kafin rana ta yi sanyi. In kika ajiye baho da ruwa a rana tun hantsi, a rufe kuma inda autan ba zai kai ba, ba ki ma buƙatar ƙona gas. Da safe ruwan ɗumi kaɗan daga fulas ya isa: alwala, fuska, hammata, gaba da ƙafa. Wanda ya yi fitsarin kwance shi kam a yi masa wanka da ruwan ɗumi a cikin banɗaki a rufe, ba tare da gori ba, don fitsarin kwance yana ƙaruwa a sanyi kuma ba da gangan yake yi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi kwana uku ba wanka da sunan sanyi. Daga nan ƙazuwa da makero da kwarkwata ke samun shiga, musamman inda yara ke kwana a bargo ɗaya.

Mai kuma a shafa shi jiki na da danshi, kafin ya bushe sarai. Basilin ko man kaɗanya sun wadatar, ba sai mai tsada ba. A dage da diddige, gwiwa, bayan hannu da leɓe. Ki sa wa kowannensu ɗan ƙaramin kwalabar basilin a jaka, ki gaya musu lasar leɓe ƙara fasa shi take yi. Faso in ya riga ya buɗe, a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da dare, a shafe da mai, a sa safa a kwana.

Wajen sutura akwai kuskuren da nake gani kullum a makaranta. Ana naɗe yaro da ƙatuwar riga ɗaya mai kauri, wani har biyu, a ce kada ya kuskura ya cire. Ƙarfe sha biyu sai ka gan shi a aji yana gumi, ya yi laushi, ba ya jin abin da malam ke faɗa, ga ƙaiƙayi. Gara singileti, sai rigar makaranta, sai suwaita mai zif ko maɓalli wadda shi da kansa zai iya cirewa in hantsi ya yi. A Ƙofar Wambai za ki samu na gwanjo masu kyau, a wanke su a shanya a rana kafin a sa. Ki rubuta suna a wuyan rigar, don kwandon kayan tsintuwa na makaranta cika yake yi da suwaita a watannin nan. In a babur ko adaidaita sahu suke tafiya, hula mai rufe kunne da takunkumi sun fi ƙarin riga amfani, domin iskar hanya ce ke dukansu. Kuma kada su fita da cikin wofi. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, shayi da burodi, ko ɗumamen tuwo, duk wanda ya sawwaƙa, in dai da ɗumi. Yawancin yaran da ake kawo mini suna jiri daga wajen asambuli, in na tambaya, ba su karya ba.

Sai maganar maigida da ƙura. Yana da gaskiya a rabi. Ƙurar hunturu ba ta unguwa ba ce kawai, iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, kuma kaso mai yawa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Tana da laushi ƙwarai, tana shiga har cikin huhu. Amma ki duba saman talabijin ɗinki da kika goge jiya: ƙurar nan ba ta tsaya a ƙofar gida ba. Yaron da aka kulle bai tsira daga ita ba, an dai ƙara masa da numfashin 'yan'uwansa masu mura, da turaren wuta, da hayaƙin maganin sauro. Kuma ranakun ba ɗaya ba ne. Akwai ranar da hazo ke sauka har ba ka hango ƙarshen layinku, rana ta zama kamar farin faranti. Irin wannan rana su zauna a ciki, na yarda. Amma tsakaninsu akwai ranaku masu yawa da gari ke washewa, kuma daga hantsi zuwa la'asar babu lokacin da ya fi wannan daɗin wasa a duk shekara. Ba ruwan sama, ba taɓo, sauro ya ragu, ba zafin bazara mai sa yaro ya galabaita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, irin wanda zai sa shi haki. Faɗan da kike gani a ɗaki ƙarfi ne da ya rasa inda za shi. Ki roƙi babansu ku yi yarjejeniya: kowace safiya a leƙa a duba gari, in ana hango nesa su fita, in hazo ya rufe su zauna. In ya ga akwai ƙa'ida, zai fi sauƙin amincewa.

Matsalar ranakun makaranta ita ce lokacin ma babu shi. Boko daga takwas zuwa wajen biyu, Islamiyya daga huɗu zuwa shida, wasu iyayen su cusa lesin a tsakani. Ni dai ra'ayina, ɗan firamare da ke boko da Islamiyya ba ya buƙatar lesin na uku, sai in akwai wani takamaiman abu da ya gagare shi. Wannan tazarar ta bayan cin abincin rana a bar masa ita. Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu ke hutu, yammacinsu na wasa ne, kada a cike su da aike.

Wasan ba ya buƙatar kuɗi. Gawayin da kika fasa kai wa ɗaki, ba wa babbar guntunsa ta zana 'yar gala-gala a tsakar gida. Ga carafke da 'yan duwatsu, ga igiyar tsallake, ga langa, ga ƙwallo in akwai fili a layin da idon manya ke kai. Yanzu aka gama kaka, karan dawa ya wadata ko a bakin gari, kuma yaron da aka nuna wa yadda ake fere kara a haɗa mota sau ɗaya zai yini a kai. Iskar da ke damunmu ita ce ke ɗaga jirgin leda da tsinken tsintsiya, a dai nisanci wayoyin lantarki. Abu biyu nake so ki ja wa na tsakiyan kunne a kansu, don shekarunsa ne na bin ayari. Na farko wutar da yara ke haɗawa a bakin layi da taya da leda da robobi, hayaƙinta guba ne. Na biyu cinna wa ciyawa wuta don farautar ɓera da gafiya. Ban da gobara, zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma a watannin rani ya fi tashi.

Abin da ya fi yi mini amfani da nawa yaran shi ne lambu. Ba fili gare ni ba, tsofaffin bokitai ne da buhunan siminti a jikin katanga. Hunturu shi ne lokacin latas da karas da tumatir da albasa, shi ya sa suke araha a kasuwa yanzu. Na ba kowa bokitinsa, ya huda gindin, ya cika da ƙasa da taki, ya rubuta sunansa. Alayyahu ya fi saurin faranta wa yaro rai, cikin 'yan kwanaki ya tsiro, kafin wata ya cika an fara tsinka. Ƙaramin ɗana, wanda sai an yi da gaske yake barin bargo, ya zama shi ke fara fita da buta a hannu, ya tsuguna yana ƙirga ganye, yana auna tsayi da tsinke yana zana alama a bango. Ranar da aka yi miya da alayyahunsa sai da ya kai wa maƙwabta ɗanɗano. Ban taɓa zaunar da shi na ce yau za mu yi lissafi ba, amma a bokitin nan ya gane awo.

Bushewar iskar ma abin koyo ce. In an ɗauke wuta da daddare, ki ce su ja bargo da sauri a cikin duhu, za su ga tartsatsi yana ƙyas-ƙyas. Su goga matajin roba a gashi ko a suwaita su kusantar da shi ga yagaggun takardu, su ga takardun suna tsalle. A damina abin ba ya yi sosai saboda laima. Ki tambaye su dalili, ki bar su su yi ta gardama, su kai wa malamin kimiyya. Haka ruwan randa, me ya sa ya fi sanyi yanzu? Me ya sa wanki ke bushewa kafin a gama shanya na ƙarshe?

In hutun Disamba ya zo, wannan aikin babansu ne, kuma ina roƙonsa da girmamawa ya karɓa. Asabar ɗaya da hantsi ya hau Dutsen Dala da su, su hango birni. Wata Asabar Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma zane a baba ya fito kore sannan ya rikiɗe shuɗi a idonsu, ko gidan zu. Yara da yawa an haife su a Kano ba su taɓa taka ko ɗaya ba. In kuna da dangi a ƙauye kuma hanyar lafiya lau ce, kwana uku a can ya fi wata guda a ɗaki: sussuka, rake, gasa dankali a toka, kallon yadda ake dafa mazarƙwaila. Karatu kuwa kada a mai da hutu wata makarantar. Minti 20 a rana, yaro ya karanta miki wani abu da ƙarfi kina tsinken zogale ko gyaran wake, da Hausa ko da Turanci, ya isa ya hana shi mantuwa. Babbar ta karanta wa autan, ita ma ta ƙaru.

Waya ba zan ce a hana gaba ɗaya ba, na san ba zai yiwu ba. A sa mata lokaci sananne, bayan an yi wasa an yi wanka, a falo inda kowa ke gani, kuma a karɓe ta awa guda kafin barci. 'Yan shekara 6 zuwa 12 suna buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda za a tasa ƙarfe shida, tara ta same shi a kwance. Rabin kukan safe rashin barci ne, ana ɗora wa sanyi.

Amma in kika karɓe waya dole ki ba da wani abu a madadinta, kuma daren hunturu kamar don tatsuniya aka yi shi. Magariba na yi da wuri, kowa na son ya matso kusa da wani. Bayan isha ki shimfiɗa tabarma, kofin kunun tsamiya ko na kanwa a hannun kowa, ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku." In ba su san amsar ba ki koya musu "Ta zo mu ji ta." Ko Gizo da Ƙoƙi guda biyu kika tuna sun isa farawa, kuma ga Hajiya, wannan fagenta ne. Ki ba ta wannan matsayi, za ki ga maganar gawayi ta wuce ba tare da ɓacin rai ba. Ku yi kacici-kacici: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, Baba na ɗaka gemu na waje. Wannan na biyun, da suka ce wuta da hayaƙi, ga ƙofar yi musu bayanin abin da ya sa ba a kwana da wuta. A daren da hazo ya ɗaga, ku fita tsakar gida minti biyar da barguna ku nemi kaza da 'ya'yanta, a watannin nan tana sama tun farkon dare.

Game da mura: ƙwayoyin cuta ke kawo ta, daga hannu da atishawar wani. Abin da hunturu ke yi shi ne busar da cikin hanci ya rage masa kariya, ya kuma tara mu a ɗaki ɗaya. Ɗan firamare ya yi mura sau da dama a shekara ba abin tsoro ba ne. Maganinta ruwa, hutu, abinci mai ɗumi, wanke hannu da sabulu, da cokalin zuma don tari ga wanda ya wuce shekara ɗaya. Yara ba sa jin ƙishirwa a sanyi alhali iskar na tsotse ruwan jikinsu, don haka ki cika musu gora, ki duba in sun dawo ko sun sha. Shan ruwa ba ya sa mura. Kada ki je kemis a haɗo miki maganin kashe ƙwayoyin cuta don majina, ba ya yi mata komai, sannan duk maganin tari mai kodin ki nisance shi, tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Man zafi a ƙirji ne, ba a cikin hanci ba. In haɓo ya zo, yaro ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hanci minti 10 ba sakewa. Ɗaga kai sama haɗiye jinin kawai yake sa shi.

Abin da ba a jira da shi: numfashi da sauri ko da ƙyar, haƙarƙari na shiga ciki, fito a ƙirji, zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko yaro ya ƙi ci ya ƙi sha ya yi lakwas. Zazzaɓi a hunturu ma a yi gwajin maleriya, ba a daina ta ba. In zazzaɓi ya haɗu da matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske ko ruɗewa, a tafi asibiti a daren, kada a jira safiya. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma lokacinsa daga hunturu yake farawa ya tsananta a bazara. Mu da muka ga annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da dubu 100 a Najeriya ta kashe fiye da dubu 11, ba ma wasa da ciwon wuya. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Ki ɗauko katunan rigakafinsu ki kai asibitin unguwa a duba, har da ta ƙyanda, ita ma a rani take yawo.

Duk abin da na faɗa na sakin yara su yi wasa, akwai yara biyu da nake ware wa. Mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar masa da ciwo, don haka shi wankansa kullum da ruwan ɗumi, safa da hula ba wasa, ruwa a kai a kai, wasa kuma daidai ƙarfinsa, da rana tsaka. Mai asma kuma inhelarsa, wato maganin da yake shaƙa, ta kasance a jakarsa, malamin ajinsu ya san da ita, a rage turaren wuta, a yayyafa ruwa kafin shara ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kuma kada a sa shi sharar aji. In cikin naki akwai mai ɗaya daga cikin biyun nan, ki ga likitansa tun farkon sanyi.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa. Hannayen da na fi gani a farfashe har suna jini na 'yan mata ne masu shekarun babbar 'yarki, don su ake tasa da asuba wanke-wanke da ruwan da ya kwana a waje, 'yan'uwansu maza na cikin bargo. A mayar da wanke-wanken rana, a sirka ruwan, a raba aikin da namijin. In kina da 'yar aiki ita ma haka. Almajirin da ke zuwa muku kuma, wanda ya kwana a soro, ki duba ƙafarsa. Ki sa yaranki su zaɓo da hannunsu suwaitar da ta yi musu kaɗan da safa da ɗan basilin, su miƙa masa da kansu, a zuba masa kunu da zafinsa ba wanda ya huce ba.

Wajen ƙarshen Fabrairu za ki ga yaran sun fara ture bargo cikin dare. Daga nan tsarin ya juya: wanka ya koma safe da yamma, wasa ya koma bayan la'asar, tagogi a buɗe su duka, a rage yawan masu kwana a ɗaki ɗaya. Azumi ma yana ta matsowa cikin sanyin, na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 a bayan tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana gabatowa da kusan kwana 11. In babbar na son ta fara gwada cikakken azumi, shekarun nan ne masu sauƙi gare ta, sai dai ki tabbata ta sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.